An toshe wifi ɗin gidanmu saboda kod ɗina

Ina ƙoƙarin shiga shafina in ga hoton ɗiyata da aka haifa can gida Bambeye, sai saƙo ya fito: an toshe adireshin intanet ɗin gidanmu na ɗan lokaci, wai daga nan wani ya yi ta gwada kod ɗina, wato kalmar sirrin shiga shafin.

Nan Abijan mu 'yan Adar wifi guda muke rabawa, kwano guda muke ci.

Na dubi Illa, abokin ɗakina. "Kai ne?"

"Haba Yaya, mi zan nema? Kowa ya san sunan innarka ka sa."

Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ba ni da shaida, ba zan ɗora masa ba. Amma in ku ne, za ku sake barin waya tana caji kusa da shi?