Zanen da Iska Ta Rina

Ni 'yar gidan karatu ce, a cikin birnin Zariya aka haife ni, kuma baƙin abin da na tashi na sani shi ne tawada. Tawada kuwa baƙa take a tukunya, baƙa a bakin alƙalami, baƙa a kan allo. Wannan ɗan ilimin nawa shi ya kusa sa ni hauka.

An kai ni Tudun Wada a shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa. Garin bai wuce ɗakunan ciyawa da dangogin kara ba, mutanensa kuwa daga ko'ina: Nufawa, Barebari, Kanawa, kowa da irin miyarsa. Maigidana ɗalibin babana ne, yana fataucin goro. Ina son sa, ina son gidana. Innata ce ba ta so. Ta ce bayan ganuwa ba gari ba ne, zango ne, kuma yarinyar da aka kai zango ba abin da za ta koya sai surutu. Ba ni ta faɗa wa ba, don ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ƙanwata ta faɗa wa, da ƙarfi yadda zan ji. Shekara ɗaya da rabi ba ta tako gidana ba.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na ƙudura sai na aika mata da baƙin zane wanda ni na kaɗa zarensa, ni na rina shi, a zangon nan da ta raina. Wata takwas ina gurzar auduga, ina shiɓa, ina kaɗi, har yatsuna suka yi kanta. Masaƙi ya saƙa, aka haɗa zane fari fat. Maigida ya ce a kai marina cikin birni a huta. Na ce ko kusa. Marinan birni suna taɓa shi, Inna za ta ce aikin birni ne.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce Banufiya, muna ce mata Iya, tana rina zare a wata babbar randa da ta binne rabinta a bayan ɗaki. Ita ta haɗa mini ruwan: busasshen ganyen baba, wato shukar da ake samun shuni daga gare ta, da ruwan toka, a rufe, kullum a motsa da muciya. Warinsa kam ba a magana, har kajina suka daina bi ta wajen. Da aka yi mako guda sai kumfa ta taso tana ƙyalli kamar tagulla. A ranar kuma aka aiko cewa 'yar Iya tana naƙuda a wajen Gyallesu.

Iya tana yafa mayafi ta ce, "Ruwa ya nuna, ɗiyata. Ki jiƙa zanen ki tsoma. Sauran ai kin sani."

Na ce, "Na sani, Iya."

Ban san komai ba. Girman kai ne na 'yar malamai, wadda ba ta iya cewa a ƙara mata bayani.

Na tsoma zane da bisimilla. Bayan ɗan lokaci na sa muciya na ɗago gefensa. Me zan gani? Kore-kore, rawaya-rawaya, kamar miyar kuka da ta sha ruwa. Na yi maza na danna shi ƙasa, na ce bai dahu ba. Ai tawada ma sai ta yi baƙi a tukunya ake sauke ta. Don kada wani gefe ya leƙo ya lalace, har dutse na ɗora masa. Washegari na ɗago, kore, na danna. Na karanta duk abin da na haddace na tofa a randar nan, ba abin da ya canza.

Maigida ya leƙo ta kan danga ya ce, "Ko mu gaya wa Inna koren zane ake yayi a Tudun Wada?"

Ban sake yi masa magana ba sai da la'asar, shi ma don ya nemi butarsa ne.

Rana ta uku da hantsi haƙurina ya ƙare. Na jefar da muciya, na zura hannu biyu na fizgo zanen gaba ɗaya. Kore shar! Na murɗe shi kamar ina murɗe wuyan wanda ya cuce ni, na wurga shi kan danga, na juya masa baya, na zauna gindin turmi na fashe da kuka. Wahalar wata takwas ta tafi a banza, kuma maganar Inna ta tabbata. Wannan na biyun ya fi yi mini ciwo.

Ina cikin haka sai ga Iya ta dawo, bakinta har kunne, an samu ɗa namiji. Ko barka ban yi mata ba. Ta tsaya ta ce, "Kai, madalla! Ruwan nan ya kama."

Na ce, "Iya, don Allah kar ki yi mini ba'a yau."

"Juyo ki gani, uwar 'yan fushi."

Na juyo. Zanen da na wurga kore, ga shi shuɗi. Iya ta ware shi ta kaɗa, sai ga koren da ya ɓuya cikin ninki, ina kallo da idona yana juyewa, yana duhu daga gefe zuwa tsakiya. Na dubi hannuwana, su ma shuɗi har gwiwar hannu. Da na ba ta labarin dutsen da na ɗora, Iya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "Kwana uku kika hana shi shan iska? Randa shayar da shi kawai take yi. Iska ce mai dafawa. Ba wuta, ba hayaƙi, amma dahuwa ce, kamar yadda take cin fartanya da tsatsa ba ka ji ba ka gani."

Bayan shekaru wani jikana da ya yi boko ya ce mini abin da ke cikin iska mai cin itace a murhu, shi ne dai ya rina mini zane, a hankali, ba harshen wuta. Na ce masa Iya ta riga shi.

Ranar kuwa na rangaɗa guɗa har matan unguwa suka fito suna tambayar wa ya haihu. Muka yi ta tsomawa muna shanyawa, tsoma, shanya, kwana biyu, har zanen ya yi baƙi wul. Muka buge shi a kan gungume ya ɗauki sheƙi, na naɗe na ba ƙanwata ta kai. Ta dawo ta ce Inna ta shinshina, ta murza da yatsa, ta sa a adaka.

Ranar Juma'a da safe ina shara na ji sallama. Inna ce tsaye a bakin zaurena, ɗaure da zanen, ƙanwata a bayanta da ƙunshi a ka. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna don daɗi. Ta shigo ta zauna a tabarmata, ta kafa wa bango ido, ta kwance ƙunshin. Farin zare ne, kaɗinta.

Ta ce wa ƙanwata, "Tambayi matar gidan nan, ko randar tasu za ta ɗauki nawa."