Bizar da ta mutu ina wankan jego

Duk macen da ta haihu a wannan dogon bene namu na unguwar Minguettes da ke gefen Lyon a Faransa, in dai tana jin Hausa, ni ake bugo wa waya tun tana asibiti. Ƴan Cadi, ƴan Kamaru, ƴan garinmu Damagaram, kowa ya san ni da babbar tukunyata da ƙullin busasshen ganyen dogon yaro. Sai in je in tafasa ruwa a kan murhun lantarki, in juye a baho, in gasa wa mai jego jiki safe da yamma, in dama mata kunun kanwa. Gwaggon jego suke ce mini, ina kuma amsawa. Amma duk lokacin da na ɗaga murfin tukunyar nan tururi ya buge ni, sai in tuna abu ɗaya. Wannan ruwan zafin da nake dafa wa ƴaƴan mutane ba tare da wata wahala ba, shi ya raba ni da mijina shekara shida.

Ni ban yi aure da wuri ba. Na kusa talatin, ina ɗinkina a ƙofar gidanmu, Malam, mijina, ya zo hutu daga Faransa aka ɗaura. A lokacin yana Montreuil, gefen Paris, a irin gidan nan na ma'aikata maza zalla, su huɗu a ɗaki, kowa da akwatinsa ƙarƙashin gado. Ba a kai mace wurin. Saboda ni ya bar Paris da abokansa na shekaru, ya koma Lyon inda wani ɗan garinmu ya samo masa aiki a wani babban sito, ya kama ɗan ɗaki da kicin. Hukuma ta turo mutum ya auna ɗakin da awo, ya duba takardun albashi, aka ce ya ishi mutum biyu. Malam ya sake zuwa hutu ana cikin jiran amsa, ya koma ya bar ni da ciki.

Cikin ya shiga wata na bakwai aka kira ni Yamai aka manna mini biza a fasfo. Matar da ta miƙo mini ta tagar gilashi ta ɗora yatsa a kan kwanan wata guda biyu, na farawa da na ƙarewa, ta ce sai na shiga Faransa cikin wata uku, in na wuce izinin ya mutu. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, na iya karanta kwanan wata, ba wanda zai ce ban gane ba. A motar dawowa ma na yi ta lissafi da yatsu. Jirgi ba ya ɗaukar mace in cikinta ya tsufa sosai, ke nan ƴan makonni kawai gare ni. In na tsaya na haihu a gida, kafin in fita wanka bizar ta zama takardar tsire.

Na iso gida na tarar Inna ta riga ta sa an tara itace a bayan ɗakinta, tuli guda har ya kusa kai katanga. Ban tambayi na mene ne ba, ita ma ba ta faɗa ba. A wajenmu cikin fari gidan iyaye ake zuwa a haife shi, uwa ta yi wa ƴarta wanka har arba'in. Kuma cikin fari ba a maganarsa. Ni da bakina ya fi reza, wadda ba mai sayar da yadi a kasuwa da bai san faɗana ba, sai in zauna gaban Inna da ciki ya turo zane, ina magana kamar babu shi. Ita ma haka.

Sau ɗaya na gwada. Tana tankaɗe, na ce, "Inna, takardar nan fa tana da lokaci."

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Abin da ke gabanki ma yana da lokaci."

Daga baya na ji tana gaya wa Gwaggo, ƙanwar babana, da ƙarfi yadda zan ji daga ɗaki. Wa zai dafa mini ruwa a ƙasar da ruwa kansa yake daskarewa? Wa zai dama mini kunu? Ƙanwar Inna da ta haihu a barikin soja nesa da gida ba a yi mata wanka ba, sanyi ya shige ta, ba ta ga yayen ɗanta ba. Inna ba mugunta take ba. Tsoro take ji, kuma ni kaɗai ce mace a ƴaƴanta.

Malam kuwa yana can yana ci da wuta. Ranar Lahadi nake zuwa shagon waya na bakin titi ya kira ni.

"Kin ga kwanan watan?"

"Na gani."

"To ki gaya musu mana."

"Kai ka gaya musu. Ba kai ne namiji ba?"

Shi ma bai iya ba. Ta yaya zai buɗe baki ya ce wa surukarsa a turo masa matarsa kafin ciki ya tsufa? Ya yi abin da aka saba. Ya gaya wa wani Alhaji babban amininsa da ke Sevran kusa da Paris, Alhaji ya kira yayansa a kasuwar Damagaram, yayan ya sami Baffana bayan sallar Juma'a, Baffa ya gaya wa Gwaggo. Kowa a cikinsu ya ɗan rage wa maganar kaifi don kada ta zama rashin kunya. Da ta iso tsakar gidanmu ga abin da ya rage: Malam yana gaishe ku, ya ce takarda ta fito, in ta samu lafiya sai a shirya ta. Inna ta ce madalla, yaro mai hankali.

Da na ga haka sai na ja Inna da kaina zuwa shagon waya wata Lahadi, na ce Malam yana son gaishe ta. Na miƙa mata kan wayar na tsaya kusa ina jin muryarsa. Ina kwana Inna, ina gajiya, yaya gida, yaya su Baba, yaya zafi, yaya jikin Gwaggo, yaya aka ji da haƙuri da mu. Ta amsa, ita ma ta jero nata. Ya sake sabuwar gaisuwa. Ina ji ya ja numfashi zai shiga maganar, ya ce, "Dama, Inna," sai katin wayarsa ya ƙare. Inna ta miƙo mini ta ce Allah ya yi masa albarka. Ranar muna isa gida na shiga ɗaki na yi kukan haushi. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shiga wayar nan in finciko maganar daga bakinsa.

Na haihu lafiya, mace. Ranar da bizar ta mutu ina zaune a kan turmi a bayan ɗaki, Inna tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya. Na san ranar ce, fasfon yana ƙarƙashin katifata. Da ta ga hawaye ta ɗauka zafin ruwa ne, ta ce in daure, kowa haka aka yi masa.

Mu a zatonmu sabuntawa za a yi, kamar katin asibiti. Ashe daga tushe za a sake. Malam ya kai sabon dosiye, wato tarin takardun neman izini, mai awo ya dawo ya auna ɗakin nan dai da ya auna a da, ya ce na mutum biyu ne, yanzu kuwa mu uku ne. Aka ƙi. Ya shiga layin neman gidan gwamnati, aka daɗe kafin a ba shi wannan da muke ciki. Gida ya samu ke nan sai sito ya rage ma'aikata, ya koma aikin yau akwai gobe babu, su kuma suna son albashi tsayayye na shekara cur. Da ya sami aikin sai aka koma jiran amsa. Haka muka yi ta yi, in an kama wannan sai wancan ya kuɓuce.

Sau biyu ya zo gida a shekarun nan, wata ɗaya ɗaya, don aiki ba ya barin fiye da haka. A zuwan farko ne ya zaunar da ni, yana kallon ƙasa, ya ce mu dakata da haihuwa. In aka ƙara mutum ɗaya gidan zai sake yin kaɗan, a sake komawa baya. Na zage shi tas a raina, amma na san gaskiya ya faɗa. Na je wurin likita can wata unguwa inda ba a san ni ba, aka ba ni ƙwayoyi, ina ɓoye su cikin gwangwanin zaren ɗinki. Dangi suna ta yi mini jajen shirun haihuwa, Inna tana jiƙa mini saiwoyi, ina sha ina godiya.

Da biza ta biyu ta fito ban yi shawara da kowa ba. Sati bai cika ba muna cikin jirgi, ni da yarinyar. Inna ta ce ko sallama ba zan zaga in yi wa dangi ba? Na ce su yafe ni.

Malam ya zo Paris ya tarbe mu. Ya yi furfura a gemu, ya sa wata babbar rigar sanyi da ta sa ya zama kamar ba shi ba. Ya durƙusa ya buɗe hannu, yarinyar ta ɓuya a bayana, sannan ta leƙo ta rusuna ta ce, "Ina wuni, Malam." Haka ta ji ina kiransa. Ya yi dariya, amma na ga yadda ya miƙe a hankali yana kakkaɓe gwiwa. Muka kwana a Sevran gidan Alhajin nan. Matarsa ta yi mana tuwo, Alhaji yana ta cewa komai da lokacinsa, ni kuwa ina kallonsa ina tuna saƙon da ya ratsa ta bakinsa. Washegari muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, yarinyar ta yi barci a cinyata, ko sau ɗaya ba ta yarda ya ɗauke ta ba.

A ɗakin da ya shirya mata na tarar da gado mai hawa biyu. Ya ce ya same shi da araha, kuma ai ƙanne suna tafe. Na daina shan ƙwayoyi a daren. Ciki biyu na samu a shekarun farko, duka suka zube tun ba su yi ƙwari ba, daga nan shiru. Likitocin nan sun duba ni sun ce ba su ga wata cuta ba, shekaru ne kawai. Na sani haihuwa ta Allah ce, ba sai an tuna mini ba. Amma na san kuma shekarun da na yi ina ɓoye ƙwaya cikin gwangwani su ne shekarun da jikina yake so.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ban yi wata biyu a benen nan ba wata ƴar Cadi da ke hawa na bakwai ta haihu, aka ce in zo in taya. Na shiga na tarar tukunya tana tafasa a kan lantarki, ga ganyen dogon yaro da ake sayowa a shagunan ƴan Afirka na cikin gari, ga kanwa, ga gero. Ɗakin wanka da ɗumi kamar tsakar rana. Mata uku suna karɓa karɓa, wannan safe wannan yamma. Na tsaya riƙe da ƙofa ina kallo kamar wata sakarya. Ashe duk abin nan ana yinsa a nan, kuma da ma ana yi tun kafin in yi aure. Malam bai sani ba, don namiji ba ya tambayar irin wannan, matar Alhaji kuwa ta sani sarai, sai dai ba wanda ya tambaye ta.

Na kira Inna na gaya mata. Yanzu na haihu na girma, bakina ya buɗe. Sai ta ce, "Da itace?"

Na ce, "Da lantarki, Inna. Ya ma fi saurin tafasa."

Can ta ce, "Ai da kin faɗa mini."

Me zan faɗa mata a lokacin, ni da ko cikin ban iya ambata ba?

Shi ya sa yanzu ba ni da kunya a wannan fanni, har ana cewa Gwaggon jego ba ta da birki. In na ji an ba matar wani biza tana da ciki, ba na bin ta kan Alhaji ko Baffa. Lambar uwar yarinya nake karɓa in kira ta da kaina, in gaishe ta sau ɗaya, in ce Hajiya ƴarki ciki gare ta, takardarta wata uku ce, ki sako ta jirgi, wanka yana wuyana. Wasu su ji haushi, wasu su turo.

Yarinyar ta girma, tana lakwal babba, Faransanci ya fi Hausa yawa a bakinta. Ta koyi ce masa Baba, amma ba ta taɓa zama kusa da shi ta jingina ba, shi ma bai iya janyo ta ba. Kwanaki ta ce a fitar da gadon nan a sayo mata na manya, ƙawayenta suna yi mata dariya. Malam ya ce to, za a duba. Ya faɗi haka ya kai sau biyar. Jiya da na dawo daga wankan wata ƴar Kamaru na wanke tukunyar, na hau kujera na mayar da ita inda take zama, a hawan sama na gadon, kan katifar da har yanzu ba a cire mata leda ba.