Akwatin Habu Mai-zane a Misfala

Mun tashi daga Sabon Birni da asubar Laraba, mu bakwai a bayan babbar mota, kowa rungume da adakarsa da butarsa. Abokan tafiyata niyya ɗaya suka ɗauko, aikin Hajji. Ni da biyu na fito, ta biyun kuwa ban faɗa wa kowa a cikinsu ba sai yau.

Mahaifina ya tafi Makka a ƙasa tun ina ciki, shekara talatin da biyar ke nan, bai dawo ba. Wani tsoho da suka yi ayari ɗaya ne ya kawo labarin rasuwarsa. Shi ya ce a ayarin nasu akwai wani Bakano, Habu Mai-zane, wanda duk inda aka yada zango sai ya ɗauki gawayi ya zana mutane, kuma a Misfala, wata unguwa a Makka, ya baro shi. Ni dai ban taɓa ganin fuskar mahaifina ba, Inna kuwa idonta ya fara hazo. Da na durƙusa yi mata sallama, ta ce ba ta son darduma, ba ta son zobe. In mai zanen nan yana nan, in karɓo mata zanen Malam, wato mahaifina.

Motar ta girgiza mu har Ƙauran Namoda, daga nan jirgin ƙasa ya kai mu Kano, inda muka yi mako guda ana allura ana duba takardu. Ranar hawa jirgin sama, wani dattijo a cikinmu ya tuɓe takalmansa a gindin matakala ya shige, don a ganinsa wuri mai shimfiɗa ba a taka shi da takalmi. Suna can Kano har yau. Tafiyar da ta ci wa su mahaifina shekaru, mu kafin tuwon Kano ya gama narkewa sai ga mu a Jidda.

Zafin Jidda mai danshi ne, riga na manne wa mutum kamar an jiƙa ta. Hanyar Makka kwalta ce sumul, ba gargada ko ɗaya, abin da ya sa ɗan Gobir irina ya riƙa leƙe ta taga. Mutawwifinmu, wato mai masaukin da ke kula da alhazai, ya zuba mu goma a ɗaki ɗaya. Ruwa saye ake yi wurin masu garwa biyu a sanda. Shayi kirshi biyu ne, a ɗan kofin da bai wuce kurɓi uku ba. Da safe gurasa ce mai faɗin faifai da dafaffen wake, na ci har na fara mafarkin fura. Ana kan faɗaɗa Masallacin Harami, ƙarar injuna ba ta tsayawa sai an kira salla. Ganin Ka'aba kuwa ba zan iya ba ku labarinsa ba, kuka kawai na yi.

Sai da muka sauko daga Arfa muka gama kwanakin Mina sannan na shiga neman. Na fara da unguwar Mansur, inda in ka rufe ido ka rantse a wata unguwar Kano kake: ga ƙamshin tsire, ga mata na ciniki da Hausa suna rantsuwa da Larabci. Wani mai tsire ɗan Damagaram ya ce ya san Habu, amma ya rasu shekara biyu ke nan. Ya ce in nemi 'yarsa Zainabu a Misfala, bayan wani gidan gurasa.

Lungunan Misfala matsattsu ne, hawa da gangara, cike da alhazai masu ɗaure kaya. Na yi ɓatan kai sau uku kafin na dace da ƙofar. Zainabu mace ce mai kamar shekara talatin, a Sudan aka haife ta. Daga bayan labule ta saurari bayanina.

"Ahalan, ɗan uwa, tafaddal," in ji ta, tana yi mini maraba da Larabci. "Ka zo a kan gaɓa. Ƙanena ya ce in alhazai sun watse zai ƙona zane-zanen, halas, shi ke nan. Ya ce zana surar mutum haramun ne, kada su zame wa Abuya, mahaifinmu, nauyi a kabari."

Ta turo wani akwatin ƙarfe ta ƙarƙashin labule. A sama akwai littattafan karatun yara guda biyu, bugun Sudan, waɗanda Habu ya yi wa hotuna lokacin da ya zauna can yana rubuta allunan kantuna. Raƙumi ne, da dila, da yarinya a bakin rijiya. Ni malamin firamare ne, na san hotunan littafi, ban taɓa ganin raƙumin da ya gaji irin nasa ba. A ƙasa kuma takardu ne fiye da yadda zan ƙirga, wasu bayan takardar sukari, wasu takardun gonar auduga. Da gawayi da tawadar allo ya yi su. Mutumin nan ya fi kula da ƙafafu: faso, kumburi, takalmin da aka ɗaure da igiya. Takarda ta yi masa tsada, don haka ba ya barin gefe, kowane lungu akwai jaki, ko tulu, ko wani ɗan mutum.

Kowace fuska an ja mata jan layi a wuya. Zainabu ta ce da tsufa ya zo masa wani malami ya tsorata shi, ya kasa ƙonawa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya raba kai da jiki, don kada a ce ya yi mai rai. Ya kuma bar wasiyya: duk wanda ya zo neman nasa, a ba shi takarda ɗaya.

Matsalar ita ce bai rubuta sunan kowa ba. Zainabu ba ta san su ba. Sai na ce ai abin da sauƙi, tsage ba ya ƙarya. Na riƙa shafa kuncina ina duba takardu har na ware mutum uku masu tsagen Gobirawa irin nawa. Ɗaya ramamme ne mai ido a zurme, ɗaya saurayi mai wushirya, na ukun kuma ƙosasshe mai rawani da gemu, ya kafe mai zane da ido kamar alƙali. Ban ɓata lokaci ba. Wa zai ga wannan ya ce ramammen ne ubansa?

"Ka tabbata?" in ji Zainabu.

Na ce jini ba ya ɓuya. Na roƙe ta ta lallashi ƙanenta, ta ce insha Allahu, irin wadda ba ta da ƙarfi. Ban san abin da ya sami akwatin ba. Na sa takardar a tsakanin riguna, ba wanda ya gani har muka sauka Kano.

Na isa gida da hantsi. Bayan masu barka da sauka sun ragu, Inna ta fito da tabarma inda haske yake, na miƙa mata. Ta kusanto da takardar har tana taɓa hancinta. Sai ta yi dariya.

"Wanga ai Tanko mai jakkai na. Rawanin ma aro na, ko alif bai sani ba."

Kunya ta rufe ni. Na tsallake ƙasashe na ɗauko mata mai jakuna, ga shi babu komawa. Na miƙa hannu in karɓa, ta hana. Yatsanta ya gangara ƙasa, gefen takardar, inda Habu ya cike gurbi da wani ɗan mutum da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya ba da baya, yana tafe da gora da sanda, kafaɗarsa ta hagu ta saɓule ƙasa, gwado mai baƙin layi a kanta. Shi ba a ja masa jan layi ba, tunda ba shi da fuska.

"Ga Malam nan," in ji ta. "Tare da Tanko sunka fita. Gwadon ga ni na kaɗa zarenai. Haka na gane shi ranar, har ya sha kwanar marina bai waiwayo ba."

Can ta ce in tashi in tafi bakin zaure. Na tashi na tafi, ban san dalili ba. Daga bayana na ji muryarta tana cewa kafaɗar nan dai ita ce.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na je neman uban da nake so a ce nawa ne, na zaɓi rawani, Allah Ya rufa mini asiri da gefen takarda. Har yau ban ga fuskar mahaifina ba, kuma na haƙura. Takardar tana cikin adakar Inna. Ni kuwa na daina jin haushi in abokai sun ce in gyara kafaɗata.