Waƙar Mama a Bayan Katanga

Filin da muke shanyar tattasai a Diffa ta Nijar yana manne da maƙabartar Kiristoci. Katangar gajera ce, ni kuma Allah ya yi ni doguwa mai son leƙe, don haka ba abin da ke ciki da ban sani ba. Kaburburan ba su da yawa. A tsakiyarsu akwai ɗan cocin laka a inuwar dogon yaro, bai fi rumbu biyu girma ba.

Babana ya ce Jamusawa masu haƙar rijiya ne suka gina shi a shekarun fari. Zazzaɓi ya kashe ɗayansu, ba halin kai shi gida, sai suka binne shi a nan, suka tayar da ɗaki kusa da kansa don su riƙa yi masa addu'a da yarensu. Ƙararrawar cocin guntun bututun rijiya ce. Tagar gabas kuwa gindin kwalabe ne, kore da ruwan ƙasa, aka jera su cikin laka.

Sau ɗaya na taɓa shiga, ran da iska ta kwashe mini tabarma ta jefa bakin ƙofar. Da hantsi ne. Haske ya ratso kwalaben ya kwanta a ƙasa yana motsi kamar ruwan kogin Komadugu lokacin cika. Sunayen matattu na sassaƙe a bango, wurin sanyi ƙalau, tsit. Ni da bakina ba ya mutuwa, sai ga ni ina tafiya da sanɗa. Ba tsoro na ji ba, kwarjinin wurin ne ya cika ni, har na manta da tabarmar.

A zamanina Jamusawan duk sun watse, saura ɗayarsu, wata tsohuwar ungozoma da kowa ke ce wa Mama. Ita ta yanke cibin 'ya'yana duka. Da ciwo ya kwantar da ita danginta suka aiko ta koma gida, ta ƙi. Na je gaishe ta na tarar ta rame sai idanu.

Ta ce, "'Yata, kabari bai dame ni ba, na zaɓi wurina kusa da mai rijiya. Abu guda ne. Da waƙa aka raka uwata, haka kakata. Ni wa zai yi mini? Duk garin nan ba mai jin yarena."

Na ce, "Haba Mama, ai Allah yana jin Faransanci."

Ta yi dariya har da tari. "Yana ji mana. Ni dai da harshen da aka goya ni nake so a sallame ni."

Daga kwance ta koya wa 'yan cocin waƙar, baki da baki: wasu ma'aikata 'yan yammacin ƙasar, wani tela ɗan Togo, da sojoji biyu masu babbar murya. Kullum bayan la'asar sai su taru a cocin suna maimaitawa, mu kuma muna juya tattasai muna ta yi musu dariya, don da farko sai ka ce kurkurar maƙogwaro suke yi. Yau da gobe ba ta bar komai ba. Waƙar ta miƙe, dariyarmu ta ragu.

Sai aka tura sojojin nan zuwa garin Tumur, su da suka fi kowa riƙe waƙar. A makon Mama ta cika.

Mata ba ma zuwa binnewa, don haka muka jeru a bayan katanga. Aka buga bututun, aka fito da ita daga cocin, telan ya ɗauko waƙar muryarsa na rawa. Sun kai tsakiya ta ƙwace musu. Suka sake daga farko, suka sake tsayawa a wuri ɗaya. Ga Mama ajiye a bakin rami.

Sai na ji waƙar ta ci gaba daga gefena. Wata maƙwabciyata ce, Babarbariya da ko Hausa ba ta ishe ta ba. Kafin in ankara bakina ya bi nata, sauran matan suka kama. Ashe duk ta zauna mana a kai. 'Yan cocin suka juyo suna kallonmu, sannan suka karɓa, muka kai ta ƙarshe tare.

Har yau ban san ma'anar kalma ko ɗaya a ciki ba. In an tambaye ni, rakiya na yi wa wadda ta fara ɗaukar 'ya'yana kafin ni.