Ranar da Na Raba Dikko da Sandarsa

Ba na jin zan taɓa mance ranar da na fara gwada ilimin da na ɗebo a kwas. Shi ya sa duk sabon likitan da aka turo mana Birnin Gwari sai na zaunar da shi ya ji labarin, ko yana so ko ba ya so.

Ina ƙaramin likita, shekara biyu da kama aiki, aka tura ni Kaduna kwas na mako biyu kan yaran da ƙwaƙwalwarsu ke girma daban da ta sauran yara: masu galahanga, masu jinkirin magana, da waɗanda ba sa iya zama wuri ɗaya. Ga wanda ba likita ba, irin wannan awon ba a ɗibar jini, ba a ɗaukar hoto. Kallon yaro ake yi, sannan a yi wa mai renonsa tambayoyi daga wani fom. Yana kallon idon mutane? Yana waiwayawa in an kira sunansa? Yana wasa da yara? Malamarmu, babbar likitar yara, ta faɗa har sau uku cewa kada mu yanke hukunci a zama ɗaya, kuma mu nemi wanda ya fi kowa sanin yaron. Na rubuta wannan a littafina, har na ja masa layi biyu. Daga nan ban sake buɗe shafin ba.

Na dawo da satifiket da jakar kayan wasa, kaina ya kumbura. Mako uku ina jiran mai galahanga, amma zazzaɓi da gudawa kawai ake kawo mini, har na fara jin haushin mutanen gari.

Wata Talata da damina wani makiyayi, Malam Buba, ya kawo matarsa da ɗansu a babur daga wata ruga a bayan Randagi. Yaron zai yi shekara shida, gyambo ne a ƙafarsa. Uban ya tsaya a waje. Ina wanke gyambon na lura yaron bai ɗaga ido ya dube ni ba ko sau ɗaya. Allah Ya yafe mini, daɗi na ji.

Na jawo fom. Na kira sunan da ke kan kati, “Muhammadu!” Shiru. Na ce wa uwar ta kira shi da kanta, ta kawar da kai. Na tambaye ta ko yana magana a gida, ta ce, “Ban sani ba.” Da wa yake wasa? “Ban lura ba.” Na ba shi motar roba, ya riƙe ta kamar an ba shi ajiya, bai gara ta ba.

Sista Rifkatu, babbar ma’aikaciyar jinyarmu, wadda ta fara aiki ina firamare, ta matso ta ce a hankali, “Likita, ɗan fari ne fa.”

Na ce, “Sista, babu wannan tambayar a fom.”

Ta dube ni, ta ɗauki tirenta ta fita.

Abin kunyar shi ne ni ma ɗan fari ne. Har ta koma ga Allah mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba, kuma da za ka tambaye ta halina a gaban mutane, cewa za ta yi ba ta sani ba. Na san haka sarai. Na kuma san yaron da aka yi wa tarbiyya a ruga ba ya zura wa babba ido. Amma a ranar ba ɗan farin mahaifiyata ba ne ke zaune a kujerar, mai satifiket ne.

Na kira Malam Buba na ce ɗansa na da galahanga, ƙwaƙwalwarsa ba ta tafiya daidai da ta tsaransa. Na rubuta takardar zuwa Kaduna, na buga hatimi. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ban tambaye shi ta wace hanya zai bi zuwa Kaduna a wannan yanayi na rashin tsaro ba, da kuma wane kuɗi.

Bayan wata biyu wata tsohuwa ta shigo ofishina riƙe da hannun yaron, ta zauna tun kafin a ce ta zauna.

“Kai ne ka ɓata mini miji?”

Kakarsa ce, ita ta yaye shi, a ɗakinta yake kwana. Ta ce tun da suka koma uban ya karɓe sandar kiwon da ya ba shi a farkon damina, ya miƙa maruƙan da yaron ke kiwo ga ɗan ƙaninsa, ya ce ba za a bar dukiya a hannun wanda likita ya ce ba shi da cikakken hankali ba. Yanzu yaron yini yake cikin mata, ya daina cin abincin kirki, yara kuma sun sa masa suna.

Ta juya ta ce, “Dikko, gaya wa likitan nan shanun babanka.”

Yaron ya buɗe baki. Ya jero su ɗaya bayan ɗaya da Fillanci, da launinsu, da wadda ta haifi wace, da wadda ke harbi in ana tatsa. Ya ƙare da gyara wa kakar wani suna da ta tsoma baki ta faɗa ba daidai ba. Ashe Muhammadu sunan yanka ne kawai, babu mai kiransa da shi. Sista Rifkatu tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona, kuma da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Na kai wa shugaban asibiti maganar. Ya ce, “Bakin da ya ɓata shi zai gyara. Ga babur.”

Awa uku na yi cikin laka kafin na isa rugar. A gaban mazan ruga na ce na yi kuskure, yaron lafiyarsa ƙalau. Malam Buba ya saurara har na gama, sannan ya zaro takardata daga cikin leda, a ninke tsaf.

“Likita, ranar da ka ce ba shi da lafiya, da hatimi ka faɗa. Yau kuma da baki ka zo.”

Sai da na sake komawa mako na gaba da wata takardar mai hatimi. Wannan ce takardar kirki ta farko da kwas ɗina ya haifar: shaidar cewa lafiyayyen yaro lafiyayye ne. A ranar aka mayar wa Dikko sandarsa.

Kada ku fahimce ni a baibai. Kwas ɗin ba shi da laifi, galahanga kuma gaskiya ce. Daga baya na ga yaran da ke da ita da gaske, wasu an sha dukansu a kan taurin kai, wasu an sha yi musu hayaƙi, kuma wannan ilimin ne ya taimake su. Abin da na koya shi ne fom yana tambaya, amma bai san wanda ya kamata a tambaya ba. Yanzu kafin na buɗe shi sai na ce, “A ɗakin wa yake kwana?” Kuma ba na furta sunan wata lalura sai na ga yaro sau uku, domin maganar likita ta fi takardarsa saurin isa gida.

Bara na hango Dikko a kasuwar shanu, ya yi tsawo, yana kora bijimai biyu shi kaɗai. Na nufe shi zan gaishe shi, sai wani abokinsa ya ƙwala kira daga nesa, “Kai, Galahanga!”

Ya amsa, ya tafi wurinsa.