Rigar da Hadiza ta sa a baibai

Da yawanmu mun ɗauka da hunturu ya shigo an gama wasan ƙwallon besbol. Ashe lokacin ne ƙungiyoyi ke musayar 'yan wasa.

Ranar Asabar ɗalibata Hadiza ta shigo ajinmu na Hausa a unguwar Highbridge da rigar ƙungiyar da take goyon baya a baibai. Fushi take yi, an sayar da ɗan wasan da ta fi so.

"Malama, na bar besbol, har atisayen makaranta."

Na ce, "To, yau ke ce manaja. Wa za ki kawo?"

Ta harare ni. "Mai jifan ƙwallo muke buƙata, ba tsohon da suka kwaso ba!"

Har aka tashi tana tsara ƙungiya. Litinin ta koma atisaye, wai sai ta riƙe ƙungiyar nan wata rana.

Ku gwada wannan tambayar a gida, ku kawo mini amsar 'ya'yanku.