Hirar da Lauya Ta Yi da Baba Mai Hoto

Baba Mai Hoto ya tsufa a shago ɗaya, ƙarƙashin wani bene da ke kallon tashar motocin haya. Shagon ɗan tsugul ne. Akwai labule mai zanen teku a jikin bango, da kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, da madubi da mataji don masu son gyara fuska. Tun da wayoyi suka mai da kowa mai hoto kasuwa ta ja baya, sai masu neman hoton fasfo. Wannan bai dame shi ba, domin shi ainihin sana'arsa surutu ce, hoton a gefe yake. Mutum zai shigo cikin sauri, ya fita da tarihin unguwa kaf.

Labarin da ya fi so shi ne na tsare shi da aka yi. Yana sabon aure a lokacin, zamanin wata gwamnati da ko tari mutum ya yi da ƙarfi sai ya waiwaya. Ɗalibai suna zanga-zanga a bakin titi, shi kuwa yana ƙofar shago yana ɗaukar wani tela da sabon kekensa na ɗinki. Can bayan telan jami'an tsaro suna dukan wani mutum, suka shigo cikin hoton. Bai ma lura ba, ya manna hoton a gilashi don talla. Ba a jima ba mota ta zo ta kwashe shi, shi da kyamararsa. Sai da ya yi wata da watanni kafin a sake shi.

Idan yana ba da labarin, sai ka rantse yawon shaƙatawa ya je. Kuɗin cizon ɗakin, in ji shi, suna da shugaba da mataimaki. Miyar wurin kuwa idan ka leƙa sai ka ga fuskarka har da gashin baki. Akwai wani mai gadi da ya nace sai ya ɗauke shi hoto, ga shi babu kyamara, sai ya haɗa yatsu ya ce masa kada ya motsa, mutumin ya ƙame yana murmushi har aka kira shi. Kowace shekara labarin yana ƙara ƙiba. Mutanen gida sun haddace shi, da ya fara sai kowa ya tuna yana da aiki a waje.

Jikarsa a gidansa take zaune. Tun tana ƙarama ya sa mata Lauya saboda gardama, sai ga shi shari'ar ta je ta karanta. A shekararta ta ƙarshe aka ba ta bincike kan azabtarwa da tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba, da abin da dokokin haƙƙin ɗan Adam suka ce a kai. Ta cika teburin cin abinci da littattafai, har Inna, matar Baba, ta koma ajiye kwanuka a ƙasa. Malaminta ya ce littafi kaɗai ba zai wadatar ba, sai ta yi hira da waɗanda abin ya taɓa faruwa da su.

Baba na jin haka ya gyara zama. Ya jira a zo a roƙe shi. Shiru. Lauya ta yi ta buge-bugen waya, yau ƙungiyar nan, gobe waccan. Ya riƙa gilmawa ta gaban tebur yana gyaran murya. Ya ciro rigarsa ta zuwa taro ya sa, ba tare da an gayyace shi ko'ina ba. Da ya ga babu alamar za ta gane, sai ya ja kujera.

"Lauya, wai ke neman me kike yi a gari?"

"Waɗanda aka taɓa tsarewa, Tsoho."

"To ni a gidan nan hoton bango ne?"

Ta fashe da dariya. "Aikin makaranta ne fa, ba tatsuniya ba. Bara ka ce kuɗin cizo sun yi zaɓe. In rubuta wannan in kai wa malamina?"

"Sun yi mana. An ma yi maguɗi."

Ya tashi yana dariya, amma abin ya sosa masa rai. Ranar masu hoton fasfo sun sha mamaki, domin ba wanda ya samu ko rabin labari.

Lauya ta samu mutum biyu. Na ukun ya amsa, ranar hira kuma ya kashe waya. Lokaci ya ƙure mata. Wata rana da hantsi sai ga ta a shago, tana sosa ƙeya.

"Tsoho, kana da lokaci?"

"Ina da masu jira," in ji shi, alhali ko ƙuda babu a shagon.

Sai da ta yi lallashi, ta kira shi kyakkyawan tsohon da ya fi samarin ajinsu, sannan ya yarda. Ya taje kai, ya zauna kan kujerar masu hoto, teku a bayansa. Ta yi masa bayani cewa duk inda ya ga dama zai iya cewa a tsaya, kuma ba za a sa sunansa ba, za a kira shi Mai Bayani na Uku.

"Na uku? Su waye na ɗaya da na biyu? Sun girme ni?"

"Tsari ne kawai, don kare ka."

"Kare ni daga wa? Waɗanda suka kama ni yanzu ko haƙori ba su da shi. Ki sa ni na ɗaya."

Ta ƙi. Ta ajiye waya kan tebur ta danna ɗaukar murya. Ya buɗe baki zai shiga maganar miya, sai ta ce a hankali, "A'a, Tsoho. Kafin nan. Da suka sauke ka daga mota, me suka fara yi maka?"

Ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Mutane dariya suke yi, shi kuma yana tafiya inda dariyar ta ja shi. Ya dubi wayar, ya dubi jikarsa. Hayaniyar tasha ta cika shagon.

"In kashe?" ta tambaya.

"Bar shi."

Sai ya faɗa, da wata murya da shi kansa bai saba ji ba. Sun ɗaure masa hannu ta baya, suka rataye shi har yatsun ƙafarsa suna neman ƙasa. Tambaya ɗaya suke yi: wa ya aiko shi ya ɗauki hoton? Ya ce musu tela ne ya sayi keke. Suka ɗauka raini ne, suka ƙara. Tun ranar hannunsa na hagu bai sake ɗaguwa sama da kafaɗa ba, shi ya sa bai ƙara ɗaukar hoto ba sai kyamara na kan ƙafafunta. Ya ce dukan ma da sauƙi, domin yana ƙarewa. Abin da ya fi cin ransa shi ne ba wanda ya gaya masa laifinsa, ba wanda ya ce ga ranar fita, kuma bai san ko wani a duniya ya san inda yake ba. Ranar da aka sake shi, ƙofa kawai aka buɗe aka ce ya tafi.

Lauya ta manta da sauran tambayoyinta. Idanunta sun ciko, ya harare ta.

"Kada ki jiƙa min kujera. Masu fasfo za su zauna."

A lokacin ne suka lura da Inna a bakin ƙofa, riƙe da kwanon abincin ranarsa. Da alama ta daɗe a tsaye. Baba ya daburce, domin tun dawowarsa ce mata ya yi faɗuwa ya yi a banɗakin wurin.

"Kai dai ka ɗauka na yarda," in ji ta, tana ajiye kwanon. "Wane irin santsi ne yake barin shaidar igiya a hannu? Ni na yi ta gasa maka shi." Ta juya ga jikarta. "Wannan abin naki yana ɗaukar muryar mata?"

Inna ta ture shi daga kujera ta zauna. Ta ba da labarin yadda ta bi ofis ofis da tsohon ciki, kowa yana cewa babu mai wannan suna a wurinsu, da yadda wani mai shara ya tausaya mata ya raɗa mata inda yake, da yadda ta riƙa zama a ƙofar wurin kullum har masu gadi suka gaji da ganin fuskarta. Baba ya tsaya a gefe da cokali a hannu. Mafi yawan abin da ta faɗa bai taɓa ji ba.

Saboda hirar Inna, Lauya ta ƙara babi guda kan iyalan waɗanda aka tsare, kuma wannan babin malaminta ya fi yabawa. Da aka buga aikin ta kawo musu kwafi. Baba ya sa tabarau ya bi shi shafi shafi, ya gano cewa maganar Inna ta fi tasa tsawo nesa ba kusa ba. Ya yi kwanaki yana mita cewa shi aka rataye amma ita ta kwashe littafin. Inna ta ce ai ba ta hana shi magana ba, shekarunsa nawa yana yin ta a kan miya.

Daga baya ƙawayen Lauya masu irin wannan bincike suka fara zuwa shago. Yakan karɓe su da fara'a, ya ba su kujera, amma ba ya fara magana sai an aika gida an kira Inna. Suna zama gefe da gefe, yana faɗi tana gyara masa, tana faɗi yana cewa ba haka aka yi ba.